Me ya sa radar tankinmu ke ba da awon ƙarya?

Tambaya: Injiniya, muna da tankin dizal mai tsayin mita 10 da faɗin mita 6. Mun ɗaura na'urar radar mai auna yawan mai a tsakiyar rufinsa, amma lambar sai ta yi ta hawa da sauka, musamman in ana juye mai. Ko na'urar ce jabu?

Amsa: Malam, da wuya laifin na'urar ne, mazauninta ne bai yi ba. Ka ɗauke ta kamar tocila: tana haska saman man da sigina, ta lissafa lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka kafin ta dawo. In rufin mai kumburi ne, tsakiyarsa ce matattarar duk wata amsa-kuwwa ta bogi, sai na'urar ta rasa wadda za ta kama. Ga shi dizal ba ya mayar da sigina da ƙarfi kamar ruwa, don haka ƙaramin ƙarfe ma a cikin tankin sai ya danne amsa-kuwwar man.

Ka mayar da ita gefe, kamar kashi ɗaya cikin shida na faɗin tankin daga bango, wato mita 1 a naku. Kada ka manna ta da bangon, domin hasken buɗewa yake yi yayin da yake sauka. Eriya mai buɗewar digiri 10, kafin siginarta ta kai gindin tanki mai mita 10 ta baje kusan mita 1.75. Na'urori masu gigahaz 80 (ma'aunin saurin kaɗawar sigina) kan matse har digiri 3, wajen rabin mita ke nan, shi ya sa nake fifita su inda akwai tsani ko bututu a ciki. Ka nisanta ta da inda mai ke zubowa. Ina zargin can ne tsallen lokacin juyewa ke fitowa.

Ka tabbata bakin eriya mai siffar kakaki ya leƙo ƙasan wuyan bututun da aka ɗaura ta a kai da aƙalla milimita 10. Ka ɗora lebur, wato abin auna daidaito, a kan na'urar, ta kalli man sak ba karkace.

In man ya yi ƙasa sosai, ka sa na'urar ta haddace amsa-kuwwar ƙarafan ciki don ta riƙa watsi da su, sannan ka gwada lambarta da ta sandar awo. In kuwa sai an huda sabon wuri, kada mai walda ya kusanci rufin sai an kwashe man, an wanke tankin, an auna an tabbatar babu sauran tururinsa.