Kafin ka kwance PlayStation ɗin nan saboda Driver

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce wani ya kawo tsohuwar PlayStation ta farko da faifan Driver, gem ɗin tuƙin mota, yana ƙorafin abu biyu. Wai mota ta ƙi fita daga gareji, minti ɗaya na cika sai gem ya mayar da shi farko. Sannan a Driver 2 gidaje na ɓullowa kwatsam a gaban mota, hoto yana jan ƙafa. Kana tambaya ko ka canza ido, wato lesar da ke karanta faifai, ko ka duba allon ciki. Ajiye sukundireba tukuna.

Maganar gareji ba ta da alaƙa da inji. Haka masu gem ɗin suka tsara shi. Kamfanin Reflections na garin Niyukasil a Ingila ne ya yi shi, ya fito a 1999. Kai ne Tanner, ɗan sandan ciki, tsohon ɗan tseren mota, an tura ka ka saje da gungun miyagu a matsayin direban da ke tsere da su bayan sun yi aika-aika, har ka kai ga manyansu, gidan Castaldi. To miyagun ba za su ɗauke ka aiki ba sai sun ga hannunka. Garejin nan shi ne jarrabawar: abu tara cikin daƙiƙa 60, kuma ba a son ka yi ta gogar motocin da ke fake. Jerin yana gefen allo da Turanci, ba wanda zai yi maka bayani. Akwai kartar taya, jan birkin hannu, zagaya ginshiƙai kamar maciji, juyi rabi, juyi cikakke, juyi daga ribas, gudu, taka birki, da kewaya garejin sau ɗaya. Mutane da yawa a duniya a nan suka ajiye hannu, wato abin sarrafa gem, ba su taɓa ganin titin Miyami a cikin labarin ba.

Don haka ka karɓi hannun, ka yi a gabansa. Maɓallin X totur ne, murabba'i birki da ribas, alwatika birkin hannu, da'ira kuma kartar taya. Wanda ya fi kayar da mutane shi ne juyi daga ribas: ka yi baya da gudu sosai, ka murɗe sitiyari gaba ɗaya, hancin mota na juyowa ka danna X. Kada ka bi jerin ɗaya bayan ɗaya, lokaci ba zai isa ba. Haɗa su: ka tashi da kartar taya, ka zarce da gudu, ka taka birki daf da bango, uku sun tafi ke nan. In ka danna alwatika mota ba ta amsa ba, to nan ne aikinmu ya shigo, kuma a hannun yake. Buɗe shi, ka goge robar maɓallan da baƙin wurin da suke taɓawa, ko ka sa sabuwar roba.

Na biyun ne ke buƙatar kunne. Injin nan ya fito tun 1994 a Japan, ƙwaƙwalwar aikinsa megabayit 2 ce kacal. Gari guda ba zai shiga ciki ba, sai gem ya riƙa ɗebo unguwa-unguwa daga faifai kana cikin tuƙi. Driver 2, na shekarar 2000, ya ɗora wa injin kayan da ya fi ƙarfinsa: tituna masu lanƙwasa, Tanner na iya fita ya ƙwaci wata mota, garuruwa huɗu a faifai biyu, Shikago da Habana a na farko, Las Begas da Riyo a na biyu. Jaki ne aka yi wa lodin raƙumi. Ko sabon inji dal ka fito da shi daga kwali, gini zai ɓullo a makare, hoto zai yi nauyi in 'yan sanda sun taru a bayanka. Ka canza ido sau goma, haka zai kasance, kuma mutumin zai dawo ya ce ka ci kuɗinsa.

Ciwon ido daban yake. Saka faifan, kada ka danna komai, ka bar bidiyon farko ya yi ta tafiya. In murya na yankewa, hoto na tsalle, ka kasa kunne kusa da murfi. Za ka ji kan da ke ɗauke da idon yana kai da komo, ƙis-ƙis, yana neman wurin da ya ɓace masa. Shiga gari ka miƙe titi da gudu. Lafiyayyen inji zai yi nauyi amma ba zai tsaya ba. Mai ciwo zai daskare, ko kiɗa ya ɗauke. Shi ya sa nake ajiye faifan Driver mai kyau a aljihun tebur, don ya fi gem ɗin ƙwallo tona asirin ido. Shi ƙwallo da ya loda fili ya kusa hutawa.

Ko a nan ma fara da mai araha. Juya faifan ka duba ƙarzuna, musamman in kwafi ne, don kwafi ya fi wahalar da ido. Goge idon da auduga da ɗigon sifirit, a hankali, kada ka danna. Duba lambar da ke ƙasan injin. In SCPH-1001 ne ko 1002, a waɗannan an ajiye ido kusa da gidan wuta, zafi da gogayya na cinye robar da kan ke zamewa a kai, sai ya karkace. Kifa injin ka kunna. In ya karanta a kife, ka gano ciwon, kan ne zai canzu. Ƙaramin sukurun ƙara wa ido ƙarfi kuwa, kada ka taɓa shi sai ina wurin; murɗi kaɗan ya wuce, ka ƙone shi.

In ya ce hoto ba kala, duba ko faifan na Amurka ne, mai tsarin hoto na NTSC, alhali tsohuwar talabijin ɗinsa tsarin PAL kaɗai take ɗauka. Ka kuma tabbata katin ajiyarsa na da sauran wuri cikin gurabe 15 da yake da su, in ba haka ba duk ranar da aka ɗauke wuta zai koma garejin.

Kuɗin goge hannu da ido kawai za ka karɓa, in a nan abin ya tsaya. In ya kai ga canza kai, ka kira ni kafin ka faɗa masa farashi.