Laushin jiki, taushi ko lanƙwasuwa: amsa ga Malama mai tambaya

Malama, kin tambaya wace kalma za ki sa wa yarinyarki da take iya kai ƙafa bayan wuya, laushin jiki ko taushi. To ni dai na kai shekara 12 ina koyar da yara motsa jiki, kuma kalmar laushin nan ta taɓa ja min magana.

Wata rana na ce wa wata uwa "ai jikin ɗanki yayi laushi sosai", ni a nufina yabo ne, wallahi sai naga fuskarta ta canza, ta dafa goshin yaron tana tambayata ko zazzaɓi ne. Kuma ita ce da gaskiya. Idan Bahaushe yace jikinsa yayi laushi to ciwo ne ko gajiya ta kada shi, ko kuma an lakaɗa mishi duka. Taushi kuma na fata ne da katifa, abin da hannu ke ji in an taɓa. Sassauci ma kar ki soma, wannan na mara lafiya ne da ya fara samun sauƙi, ko farashi, ko hukunci.

Abin da nake amfani da shi yanzu shine lanƙwasuwa. Ki lura da bambancin, lanƙwasa kai ne kake yi wa abu, amma in ance yana lanƙwasuwa, ana nufin abin yana yarda a lanƙwasa shi bai karye ba. Tanƙwaruwa ma haka, shi yasa ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutane kuma sai su ce "kamar ba ta da ƙashi", ko "jikinta kamar danƙo", duk daidai ne a baki, duk da ba ƙashin ne ke lanƙwashewa ba, tsoka ce da jijiyoyi ke miƙewa, gaɓa kuma ta bada hanya.

Kishiyarsa shine ƙagewa da sanƙarewa, daga nan ma sunan ciwon sanƙarau ya fito saboda yadda wuya ke sanƙarewa.

Af, dan Allah kar ki bari yayyenta su riƙa danna mata baya wai don ta ƙara lanƙwasuwa, targaɗe ake samu a haka. Ta ɗan ɗumama jiki tukun, ta miƙe a hankali ta riƙe kamar sakan 30, in taji zafi ta saki.