Dakta, in na karanci fatoloji na ciki da hanji ba zan ƙare a ɗakin gawa ba?

Tambaya: Salamu alaikum Dakta. Ni ƙaninka ne daga Aboabo, na kusa gama aikin hausmanship, wato horon sabon likita bayan gama makaranta, a nan Kumasi. Raina na kan fatoloji, wato gano cuta ta hanyar duba naman jiki a madubin awo, ɓangaren ciki da hanji da hanta, amma hankalina ya ƙi kwanciya. A gida cewa suke duk wahalar nan in ƙare a yankan gawa, ni kuma ban ga ta inda ake shiga wannan ɓangaren ba. Akwai wani kwas na wata 3 a intanet da suka ce suna ba da satifiket, in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka biya, riƙe sidinka. Babu wanda zai bar ka ka sa hannu a rahoton majinyaci da takardar wata 3.

Hanyar dai ɗaya ce, sai ka fara zama cikakken likitan fatoloji, ta kwalejin likitoci ta Ghana ko ta Afirka ta Yamma, a asibitin Korle Bu can Ankara ko nan Gee, wato asibitin Komfo Anokye, ka wuce matakin memba ka hau na felo. Ciki da hanji ƙari ne a kai. A Amurka horon gama-gari shekara 3 ne ko 4, sannan feloship na ciki da hanji yawanci shekara 1, kuma ko su ba su da jarrabawar hukuma ta daban a kansa, sunan wurin da ka zauna da yawan gilasan nama da ka duba a madubin awo su ne shaidarka. Ingila kuma sai ka ci FRCPath, jarrabawar kwalejin likitocin fatoloji ta can. Amma fara a gida, don a nan ne za ka ƙoshi da tibi na hanji mai kama da Crohn, wata cutar kumburin hanji, ka yi kuskure ka ce Crohn ne a ɗora wa mutum sitiroid mai rage garkuwar jiki, shikenan ka zuba wa wuta fetur. Su mutanen gida kuma faɗa musu Robin Warren, wanda ya ga H. pylori, ƙwayar cutar da ke jawo olsa, a madubin awo a Perth har suka ci Nobel a 2005 da Barry Marshall, ɗan fatoloji ne.

To yanzu bari in faɗa maka abin da zai fi cin ranka in ka shigo, don ni kullum da shi nake fama. Wai in ƙarfe ya taɓa cutar kansa, wato ciwon daji, sai ta yaɗu. Wallahi maganar nan ta kai mutanen zango kabari fiye da yadda kake zato. Mutum ya shekara biyu yana cewa olsa, yana ta omeprazole daga kemis, ya rame, abinci kaɗan ya ƙoshi, kashi ya koma baƙi, a sa masa kyamara a ga gyambo mai kaurin baki, a ce za a tsinko a auna, sai ɗan'uwa ya yi tsalle wai mai maganin da ke wa'azi a tasha da lasifika ya ce kar a yarda. Abin da ake tsinkowa bai kai ƙwayar shinkafa ba fa! Guda 6 zuwa 8 daga gefen gyambon, kuma ba ya yaɗa komai. Na san za ka ce ai allurar hanta takan bar ciwo a hanyarta, eh, jefi-jefi, shi ya sa ake zaɓar wanda za a yi wa, amma wannan daban da tsinken ciki.

Daga ina jita-jitar ta fito? Mutum sai ya zo a makare, a ɗiba, bayan wata biyu ya rasu, sai a ce ɗiban ne. Ciwon ya riga ya isa hanta tun kafin ya hau trotro zuwa asibiti.

Kuma mu ma likitoci muna da namu laifin. Akwai masu leƙawa su ce ido ya ishe su, olsa ce, je ka sha magani. Kai ka sani maganin rage asid yana iya rufe saman gyambon kansa ya yi kamar ya warke, shi ya sa gyambon ciki ake komawa a sake leƙa shi bayan kamar wata biyu. In ma an ɗiba sai a miƙa wa dangi kwalbar su kai da kansu. An taɓa kawo min wata daga wani kilinik, kwalbar maganin tari ce a leda baƙa, naman a cikin ruwan gishiri maimakon fomalin, ruwan da ke hana nama lalacewa, ta yi kwana tara a kan firji a ɗaki ana jiran kuɗi. Na yanka na duba, duk ya narke, ban iya ce wa baiwar Allahn nan komai ba sai dai a sake.

Don haka tun yanzu a wod ɗin da kake, duk naman da aka ciro ka tsaya a kai ya shiga fomalin kashi 10 cikin 100 nan take, ruwan ya ninka naman aƙalla sau 10, ka rubuta daga wane lungu na ciki aka ɗauko da abin da aka gani da ido. In ka samu sarari ka nemi izini ka riƙa zama taron tattauna masu kansa, ka ji yadda likitan tiyata ke jiran rahotonmu kafin ya ɗauki wuƙa.