Kankare fuska da aska yana sa mace gemu?

Tambaya: Anti, saura mako biyu bikina. Mai gyaran jiki ta ce a kankare min fuska da aska. Gemu ba zai fito min ba? (Amarya daga Zariya)

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata. Aska ba ta taɓa saiwar gashi, yadda yake da laushi haka zai dawo. Ƙwararriya kan ja fatar ta miƙe, ta karkata askar tiyata, tana share matacciyar fata a hankali, sai ki ga hoda ta kwanta luf. Amma in kina da ƙuraje, ni dai ki haƙura, baƙar fata akwai saurin tabo. A ɓare sabuwar aska a gabanki. Bayan nan ajiye dilka mako guda, ki guji rana.