Amsa ga mai tambayar inda za ta kai yara a Abuja lokacin dogon hutu

Salamu alaikum 'yar uwa. Na ga kin ce za ki zo Abuja da yara a dogon hutun nan, za ku sauka gidan yayan maigidanki a Lokogoma, kina neman wuraren da za ki kai su ba tare da aljihu ya girgiza ba, sannan kin ƙara da cewa matar gidan ta ce kar ki damu da mota, direbansu zai riƙa kai ku ko'ina. To wallahi wannan maganar ta mota ce ta sa na kasa wucewa, dan ni ma sak haka facalata ta ce min.

Ki fara sa wa ranki cewa hutun nan tsakiyar damina ne, Yuli da Agusta har Satumba, kuma ruwan Abuja ba irin namu na Kano da Katsina ba ne da za ki ga hadari ki yi lissafi. Gari zai waye tas, bayan azahar ki ga gabas ta yi baƙi, kafin ki naɗe tabarma an kece. Duk fitar da za ku yi ta zama ta safe. Lokogomar ma da za ku sauka in an yi ruwa mai ƙarfi wasu hanyoyinta cika suke yi, kowa a garin ya san da haka.

Mu Millennium Park aka kai mu, nan Maitama. Wurin kam ba laifi, fili ne mai faɗi da ciyawa da bishiyoyi, Sarauniyar Ingila ce ta buɗe shi a 2003, yara za su yi ta gudu har su gaji, ke dai ki tafi da tabarmarki da kular abinci da ruwa. Direba ya ajiye mu da hantsi aka ce da la'asar zai dawo. La'asar ta yi shiru. Hadari ya haɗo, mutane suka fara watsewa kowa na shiga motarsa, na kira direba ya ce ai Hajiya ta ce ya kai ta Gwarinpa wajen kamun 'yar ƙawarta kuma ta ce ya jira ta. Na kira ta ba ta ɗauka ba, na sake kira ta kashe, na tura saƙo ina kallo ya nuna ta karanta. Ga goyo a bayana, ga manyan suna riƙe da zanina, wayata cajinta ya kusa mutuwa dan tun safe yara ke ta hotuna da ita. Kuma kin san cikin garin nan ba ɗan acaɓa tun zamanin El-Rufa'i yana minista, adaidaita ma ba ta shiga irin su Maitama, ba kamar gida ba da za ki ɗaga hannu goma su tsaya. Haka ruwan nan ya ƙare a kanmu muna rakuɓe gindin bishiya kamar kajin da ba su da akurki, ƙaramar tana kuka babban yana tambayata Umma an manta da mu ne. Wallahi wannan tambayar har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba, ba ma Bahaushiya ba ce, ita ta tsaya ta kwashe mu da jiƙaƙƙun kayanmu ta kai mu har bakin estet, Allah ya biya ta.

Mun shiga gida bayan magariba, ita kuma sai wajen goma ta dawo tana ƙamshi, budar bakinta sai cewa ta yi au ai na ɗauka kun hau tasi, sannan ta kalli kafet ta ce wa 'yar aikinta ta zo ta goge inda muka taka. Ko sannu. Washegari ƙaramar ta tashi da zazzaɓi da tari, ni na nemi kemis da ƙafata. 'Ya'yanta kuwa kullum a shirya su a kai su koyon iyo da lesin ɗin hutu, nawa suna leƙe ta taga, ko sau ɗaya ba ta ce a tafi da su su yi kallo ba. Da na faɗa wa maigida cewa ya yi ki yi haƙuri kin san halinta. Yanzu in mun haɗu a biki har da rungume ni tana cewa yaushe za ku sake zuwa, hmm. Ba na ce taki haka take ba fa, Allah ya sa tagari ce, amma mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Ki ware kuɗin motarki daban ki ƙulle, ki sauke Bolt, manhajar kiran tasi, a waya tun kina gida ki koyi yadda ake kira, ki sayi fawa bank. Kuma dan girman Allah kar ki tsaya bakin titi ki shiga ƙaramar motar da ba ki sani ba dan kin ga da mace a ciki, 'yan wan cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, da mata suke aiki. In ba ta waya ba to ki je tasha inda ake lodi.

Wurare kuma, Jabi Lake yara na so saboda kwale-kwale, amma duk wanda ba a sa wa rigar ruwa ba kar ya taka, ko da mai jirgin zai rantse miki. Daɗin wurin ga mol nan a gefe, in hadari ya taso ku fake ciki ku yi sallah, sai dai ki ja musu kunne tun a mota dan nan ne kuɗi ke zirarewa a ayis kirim da wasan yara. Magicland da ke kusa da ƙofar gari wajen babban filin wasa ki bar shi ya zama na sallama, kwana ɗaya tak, dan lilon nan in suka fara ba sa ƙoshi. Akwai gidan zu na yara a Asokoro, gindin dutsen Aso, ko dutsen kaɗai suka gani a kusa sun samu labarin ba 'yan ajinsu. Ranar Juma'a ki kai su Masallacin Ƙasa, ku je da wuri saboda cunkoso, wannan kyauta ne kuma nawa shi suka fi tunawa. In ta hanyar Kaduna za ku shigo ki riƙe naira ɗari mai hoton dutsen Zuma a hannu, da kun iso wajen Madalla ki nuna musu dutsen Zuma su gwada da na jikin kuɗin.

Za a ce miki Gurara, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu. E yanzu ne ruwan ke cika yana ruri, abin kallo ne, amma jihar Neja ne ta hanyar Suleja zuwa Minna, ba wurin mace ita kaɗai da ƙananan yara ba ne, duwatsun santsi gare su da damina. In ba da namiji da mota tsayayya ba ki haƙura. Gara Ushafa ta wajen Bwari inda mata ke ginin tukwane, wurin da shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya je a 2000, 'yan matanki za su so ganin yadda ake murza yumɓu. Sannan jirgin ƙasa na cikin gari da aka farfaɗo da shi a 2024, wanda ke bi ta Idu zuwa filin jirgi, ki tambayi lokutan tashinsa ku hau ku je ku dawo, yaron da bai taɓa shiga jirgi ba wannan ya ishe shi hutu. Taruka manya kar ki sa rai sosai, baje kolin kasuwanci na Abuja ma sai wajen ƙarshen Satumba lokacin an koma makaranta, abin da za ki fi gani tallan lesin ɗin hutu ne na makarantun kuɗi da daurar hadda a islamiyyu.

Ki taho da gidan sauronki da rigunan sanyi da lema, kar ki ce za a ba ki a can. Ki riƙo musu kuka da daddawa da man shanu dan kar a ce kin zo hannu rabbana, kuma kar ku daɗe, sati ɗaya ya isa. Maganar direba kuma ki sa maigidanki ya kira yayansa su yi ta tsakaninsu maza tun kafin ki shiga mota. Kilishin tsaraba Area 1 za ki je, ki ɗanɗana kafin a naɗe miki kuma ki yi ciniki, in suka ji baƙuwa ce sai su ɗora. Bari in tashi an kawo wuta ga guga na jirana, Allah ya kawo ku lafiya.