Amsa: gumi da ɗigon ruwa a cikin gidan kyamara yayin nutso

Ɗan'uwa, ka ce a Dahab, bakin Bahar Maliya, kana kaiwa mita 12 gilashin gidan kyamararka, wato akwatin da ke kare ta daga ruwa, ya yi fari, da ka fito kuma ka tarar da ɗigon ruwa a ciki. Kafin komai, ɗanɗana ɗigon nan. In babu gishiri, gumi ne. In akwai, ruwa ne ya shiga, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Gumi yana zuwa ne daga iskar da ka rufe a ciki. Idan ka rufe gidan a bakin teku, inda iska ke da zafi da laima, da zarar ruwa ya sanyaya gilashin sai laimar ta kwanta a kai, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke gumi. Ka rufe shi tun a ɗaki mai sanyi, ka sa ƙunshin silika mai shanye laima ɗaya ko biyu, ka lura kada bakin ƙunshin ya maƙale a murfi. A jirgi kuma ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, kada rana ta doke shi.

Shigar ruwa kuwa, a ganina zurfi bai cika jawo ta ba. Gaskiya ne kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, amma matsin nan ƙara danne zoben robar da ke toshe bakin murfi yake yi. Abin da ke cin mutane shi ne silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan zoben. Ka ciro shi da gefen katin roba, ban da wuƙa ko allura. Goge ramin da yake kwanciya da tsumma marar zare, ka bi zoben da yatsa kana lalube ko akwai tsaga. Giris ɗin silikon kamar ƙwayar shinkafa ya isa, zoben ya yi sheƙi kawai. Giris ba ya toshe ruwa, santsi yake bayarwa, in ya yi yawa kuma yashi yake kamawa. Don Allah kada ka shafa basilin, kuma ka yi amfani da irin wanda kamfanin gidan ya ce, domin wani giris yana kumbura wani zoben. Bayan kowane gyara, nutson farko ka shiga da gidan babu kyamara, da tishu a ciki don ka ga ko zai jiƙe.

Kada ka yi tsalle cikin ruwa da kyamara a hannu. Bugun saman ruwa yana iya gusar da murfi a lokacin da babu matsin da ke riƙe shi. Ka shiga tukuna a miƙo maka, ka ɗaure ta a jikin rigar nutso.

In ka ga ruwa yana shiga kana ƙasa, juya gilashin ya kalli ƙasa don ruwan ya taru nesa da kyamara, ka hau a hankali, kada ka wuce mita 9 a minti ɗaya. Lafiyarka ta fi kyamara. Kana fitowa cire batir da memori, kada ka kunna don gwaji.

Gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna, saboda haka bayan kowane nutso jiƙa gidan a rufe cikin ruwan famfo na minti 20, kana danna kowane maɓalli, ka shanya a inuwa kafin ka buɗe.