Tambaya da Amsa: In zuba garatutina duka a gidan haya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, na yi ritaya, an biya ni garatuti. Dillali ya nuna mini gida mai ɗaki shida a Aliero, garin da ke da jami'a, ya ce ɗalibai za su cika shi. Sai dai kuɗin gidan zai cinye abin da ke hannuna kaf. Ƙanena ya ce in tuna shekarar korona. In saya ko in haƙura?
Mai karatu, Badariya, Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a gumin da kika yi. Ƙanenki ya faɗi gaskiya, ni ganau ne.

Ina da ɗakuna huɗu da nake ba ɗalibai haya. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, yajin aikin malaman jami'o'i kuma ya haɗe da shi har Disamba. Wata tara makullan nan suna rataye a ƙusa a zaurena. Da damina ta sauka kwanon ɗaki biyu ya fara yoyo, babu kowa ciki balle a gaya mini. Ranar da na buɗe, silin ya rufto, gara ta cinye ƙyauren bayi, ciyawa a tsakar gida ta kai gwiwa. Shinkafar da na ajiye wa iyali na sayar na biya kafinta. A 2022 aka sake wani yajin na wata takwas.

Duk da haka ba zan ce ki rungume kuɗi ki zauna ba. Buhun siminti a farkon 2020 bai kai naira dubu uku ba, a farkon 2024 ya haura dubu goma. Wanda ya bar kuɗinsa a asusu tsawon wannan lokaci, yana ji yana gani suka zagwanye, mai gini kuwa gininsa na nan. Abin da nake jiye miki shi ne kalmar nan "kaf". Gida yana cin kuɗi ko babu kowa a ciki, ke kuma fansho ne kaɗai madogararki.

Da ni ne, sai in nemi ƙarami, ciki da falo biyu, a nan Birnin Kebbi inda ƙafarki za ta riƙa kaiwa, in zuba masu iyali ko ma'aikata. Mai iyali ba ya kwashe kayansa don an rufe makaranta. Ragowar kuɗin, wanda zai riƙe ki shekara guda ko ba a biya haya ba, ki killace shi. Shi zai ba ki ƙarfin zuciyar ɗaga wa ɗan haya ƙafa in ya shiga ƙunci, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni game da wanda ake bi bashi, ba tare da tukunyarki ta kwana a kife ba.

Takardu kuwa, kada ki tsaya ga bakin dillali, shi la'adarsa yake hange. A bincika shaidar mallakar a ma'aikatar filaye, a tambayi mai unguwa ko gidan gado ne, in haka ne duk magada su sa hannu gaban shaidu. Sannan ki je ganin gidan a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ki dubi inda ruwa ke kwanciya a layin. Ki tafi da magininki, ya hau rufin da kansa.